Yadda ake duba jinin kaji da tantabaru in ana zargin cutar kaska ko ta sauro

Duk wanda ya daɗe yana kiwo a Daura ya san irin wannan ciwon da baya da suna, kaza tana ci tana sha amma kullum ramewa take, zankonta ya koɗe ya yi fari fat kamar an wanke shi da omo, ta koma gefe ta rakuɓe, kai kuma ka bi ka narka mata duk wani jan kafso da ke kemis babu canji. Ni ma haka na yi shekarun farko, har sai da na yi asarar kaji goma sha ɗaya cikin sati biyu a wata bazara, mai shagon maganin da nake zuwa kullum sai ya miƙo mani wani sabon gari ya ce wannan ne ƙarshe, ashe ciwon a jini yake kuma mai kawo shi yana kwance cikin tsagar bangon akurkina. Tun daga nan na koyi ɗibar jini da shafa shi a gilashi, yanzu na yi wa nawa na yi wa na maƙwabta ban san iyaka ba. Tau ga yadda nake yi.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka taɓa allura

Ƙwayoyin cutar nan galibi ba sa tashi daga kaza su faɗa kaza haka kawai, sai da ɗan aike mai tsotsar jini. Sauro shi ke ɗauko filasmodiyam, wato maleriyar tsuntsaye, kuma galibi sauron kwata ne ba irin wanda ke sa mana zazzaɓi ba, ita ma maleriyar tasu bata kama mutum, kada ka tsorata. Ƙudan tantabara, wannan mai faɗin jiki da ke sulalewa a karkace cikin gashi, shi ke ɗauko himofurotiyas. Akwai wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje da ke hayayyafa a ruwa mai gudu, su ke kawo lukosaitozun. Sai uwa uba kaskar kaji, mai laushin jiki, wadda ke kawo iri biyu, borelliya mai kama da zaren da aka murɗa, da ijibshiyanela. A nan wajenmu ita kaskar ta fi yi mana ɓarna saboda akurkin laka da take so. Tsuntsayen daji kuma, kurciya da hazbiya da janbaki da sauransu, da yawansu suna yawo da ƙwayoyin a jini lafiyarsu lau, sauro ko ƙuda ya ciji wannan ya zo ya ciji naka. Af, a jinin tsuntsaye ne ma wani likitan Ingila Ronald Ross ya tabbatar a Indiya a 1898 cewa sauro ke yaɗa maleriya, kaga ba ƙaramin abu bane muke magana a kai.

Kayan aiki

Silayid, wato ƙananan gilasan nan na lab, sababbi, aƙalla biyu ga kowace kaza da ɗaya na shafawa. In ka samu masu gefe ɗaya a dushe sun fi don ana rubutu a wurin.
Allura siririya mai lamba 23 ko 25, sabuwa ga kowane tsuntsu.
Auduga da sifirit.
Metanol tsantsa, ɗan kaɗan a ƙaramar kwalba mai murfi.
Fensir, ba biro ba, metanol na wanke tawadar biro.
Tocila mai haske sosai.
Safar hannu.
Kwali ko roba mai murfi na ajiye silayid.
Mutum ɗaya da zai riƙe maka kaza.
Ruwan rini, a jikin kwalbar an rubuta Giemsa, da madubin likita mai ƙara girma sau dubu da man da ake ɗiga mashi. Waɗannan biyun ba dole ka mallaka ba, galibin lab ɗin da ke gwajin maleriya da madubi suna da su.

1. Fara da zagayen dare

Mutane na tsallake wannan su wuce wajen allura, alhali rabin amsar a nan take. Bayan isha'i da kamar awa biyu, in kaji sun nutsu, ɗauki tocila ka shiga a hankali ka haska bango da sandar da suke kwana a kai, musamman inda sanda ta shiga bango da duk wata tsaga. Kaskar kaji da rana ba zaka ganta ba, tana can ciki a laɓe, da dare take fitowa ta sha jini cikin ɗan lokaci ta koma. Faɗinta kamar ƙwayar kankana ƙarama, launin ƙasa, in ta ƙoshi ta kumbura ta yi shuɗi-shuɗi. Ranar da na fara ganinsu na soka tsinke cikin wata tsaga na ɓanɓaro laka, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, a jere suke kamar an shirya su, ga ɗigo-ɗigon baƙin kashinsu a bakin tsagar wanda kullum nake gani ina cewa datti ne. Ɗaga fiffiken kaza biyu uku ka duba hammata, 'ya'yan kaskar su suna maƙale a fata kwanaki kafin su sauka, zaka gansu kamar an watsa ƙwayar gero baƙa-baƙa. In zabbinka a bishiya suke kwana duba ƙarƙashin ɓawon itacen shi ma.

Wajen tantabaru kuma da rana ma ya yi, kama ɗaya ka shafa gashinta ta baya, ƙudan zai fito ya ruga ya sake nutsewa. Zazzage sheƙar 'yan shila a kan farar takarda, in ka ga wasu baƙaƙen ƙwayoyi masu sheƙi kamar irin shuka, ƙudajen gobe ne.

2. Zaɓi waɗanda zaka ɗiba

Ka ɗibi marasa lafiya biyu ko uku waɗanda ciwon bai daɗe da kama su ba, jikinsu da zafi, da mai lafiya ɗaya don kwatance. Wadda ta kusa mutuwa ba ita ce ta fi ba, kuma borelliya musamman lokacin zazzaɓi take cika jini, daga baya sai ta ɓace ka duba baka ga komai ba. Kada ka ɗibi wadda ka riga ka ɗura wa magani kwana uku, zata ruɗe ka. Alamun da ke sa in yi zargin jini sune koɗewar zanko da cikin baki da fatar ido, kashi kore mai ruwa, yawan shan ruwa, rama duk da ana ci, wani lokacin ƙafa ta saki.

Amma tsaya. In kaji ne ke zubewa da yawa cikin kwana ɗaya biyu, kai ya kumbura, zanko ya yi baƙi-baƙi ko shuɗi, ƙwauri da ja kamar jini ya kwanta, wannan ba aikinka bane, kada ka yanka kada ka ɗibi jini, rufe gidan ka sanar da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma, murar tsuntsaye tun 2006 take zagayowa ƙasar nan kuma ita tana iya kama mutum. Haka in ka ga wuya na murɗewa suna kallon sama, wannan ya fi kama da ciwon nan na hunturu da ake wa rigakafi a ido ko a ruwa, ba a ganinsa a silayid.

3. Riƙo da ɗibar jini

Da sassafe nake yi kafin rana ta yi zafi, kazar da jininta ya yi ƙasa in ka matsa mata da tsakar rana tana iya mutuwa a hannunka. Mai taimaka maka ya kwantar da ita a gefenta kan tabarma ko benci, hannu ɗaya ya haɗe ƙafafu, ɗayan ya buɗe fiffiken sama. Kada ya danne mata ƙirji, tsuntsu da motsin ƙirji yake numfashi. A cikin fiffiken, daidai gwiwar, akwai jijiya shuɗiya da ta ratsa kan ƙashi, fige gashi biyu uku in sun tare ta, goga sifirit kaɗan sai ta fito raɗau. Bari sifirit ɗin ya bushe tukuna, in ya haɗu da jini yana fasa ƙwayoyin.

Ɗigo ɗaya kawai kake so, saboda haka ba sai ka ja da sirinji ba, ɗan soka jijiyar da bakin allura a kwance, jini zai taso, ka taɓa shi da gefen silayid ɗin shafawa. Nan take danna auduga busassa a wurin minti ɗaya zuwa biyu. Jijiyar tsuntsu bata da ƙwari, sau da yawa jini zai taru ƙarƙashin fata ya yi kumburi shuɗi, kar hankalinka ya tashi, yana bajewa da kansa cikin kwanaki. In lab sun ce ka kawo jini a kwalba mai murfi ruwan hoda ko shunayya don su auna yawan jinin, mililita ɗaya ya isa daga babbar kaza, ƙa'idar ita ce kada a wuce kashi 1 cikin 100 na nauyin tsuntsu, mara lafiya kuma ƙasa da haka sosai. Kwalbar ta isa lab a ranar, cikin sanyi amma ba kan ƙanƙara kai tsaye ba.

Zabo sai ka yi da gaske, ƙarfi gare shi kuma gashinsa na zubewa a hannu, ni tsohon zane nake naɗe shi da shi in bar fiffike ɗaya waje. 'Yan tsaki da ƙananan tsuntsayen daji kuma ka ƙyale su, ɗigo kaɗan a wajensu jini ne mai yawa, wannan aikin masu bincike ne da suka koya. Kuma don Allah kar a tura yara da danko su harbo kurciya wai za a duba jininta, ba abin da zai ƙara maka.

4. Shafa jinin a gilashi

Nan ne kowa ke faɗuwa da farko, ni sai da na ɓata kusan rabin kwali kafin hannuna ya faɗa. Ajiye silayid a kwance kan wuri mai tsabta. Sa ɗigon jini ƙarami, kamar kan ashana ko ƙasa da haka, kusa da gefe ɗaya. Ɗauki silayid na biyu ka kafa bakinsa gaban ɗigon a ɗan kishingiɗe, ja shi baya har ya taɓa jinin, jira jinin ya bi bakin gilashin ya bazu, sai ka tura gaba tafiya ɗaya ba tsayawa ba dannawa. Jinin bin gilashin yake daga baya, ba tura shi kake ba. Mai kyau zai fito kamar harshe, da kauri a farko ya sirance a ƙarshe ya ƙare kafin bakin silayid. In ya kai har ƙarshe jinin ya yi yawa, in ya yi layi-layi bakin gilashin shafawarka ya fashe ko jinin ya fara daskarewa, in ya yi ramuka akwai maiƙon yatsa a gilashin, shi yasa ake riƙe shi ta gefe. Jinin tsuntsu na saurin daskarewa, kar ka tsaya amsa waya.

Kaɗa shi a iska ya bushe nan da nan, kar ka hura da baki, danshin numfashi na lalata shi. Da damina in iska ta yi nauyi ina sa shi gaban fanka. Rubuta da fensir wace kaza ce da kwanan wata. Sannan ka rufe, don ƙuda na lashe jinin tas cikin minti kaɗan, na taɓa barin guda shida kan taga na je alwala na dawo na tarar an yi masu hanyoyi kamar taswira. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba.

Wani kuskure, masu lab sun saba yin ɗigo mai kauri in za su duba maleriyar mutum. Ga tsuntsu wannan baya aiki, sirara kawai.

5. Kafe shi da metanol

In ya bushe sarai, tsoma shi cikin metanol ko ka ɗiga mashi ya rufe jinin, minti biyu zuwa uku, ka jingine ya bushe. Wannan ke sa ƙwayoyin su manne su riƙe siffarsu. Sifirit na kemis ba ya maye gurbinsa don akwai ruwa a ciki. In baka samu metanol ba bar shi busasshe haka, naɗe kowane ɗaya daban da takarda mai tsabta ka kai lab cikin kwana ɗaya ko biyu su kafe da nasu. Kar ka sa a firij, raɓa zata kwanta a kai.

6. Rini da dubawa

In kai zaka rina, awo ɗaya na ruwan rinin cikin awo tara na ruwa, a haɗa sabo a ranar. Ruwan da ya dace shi ne wanda lab ke haɗawa mai ma'aunin tsami, wato pH, 7.2, in babu ruwan gora ya fi na rijiya ko na burtsatse, na rijiyarmu dai kullum shuɗi yake maida mani komai. Rufe silayid da rinin minti 30 zuwa awa ɗaya, ɗauraye a hankali, jingine ya bushe, ɗiga mai, a duba wajen siririn ƙarshen nan.

In lab zaka kai, ka gaya wa ma'aikacin tun farko jinin kaza ne, ka ce mashi ranka ya daɗe jajayen ƙwayoyin tsuntsu dogaye ne kamar ƙwai kuma kowace da ƙwayar tsakiya mai duhu, haka Allah ya yi su. Na mutum basu da ita, shi yasa wanda bai saba ba yana leƙawa zai ce maka jinin cike yake da cuta. Kuma ɗan katin nan na gwajin maleriya da ake ɗiga wa jini na mutane ne, kar ka ɓata kuɗinka.

Abin da ake nema: himofurotiyas yana kwanciya cikin jar ƙwayar ya lanƙwashe ya rungumi ƙwayar tsakiyar kamar ayaba, da ɗigo-ɗigo baƙi ko ruwan ƙasa a jikinsa, shi ne mafi sauƙin ganewa kuma in tantabara ce kusan shi zaka fara cin karo da shi. Filasmodiyam shi ma yana da ɗigon amma zaka ga matakai iri-iri, ƙananan zobba da wasu da suka rarrabu gida-gida cikin ƙwaya ɗaya, wani lokacin ya ture ƙwayar tsakiyar gefe. Lukosaitozun ƙato ne, baya da ɗigon, yana kumbura ƙwayar ya ɓata mata siffa gaba ɗaya, wata ta yi tsini gefe biyu. Borelliya ba cikin ƙwaya take ba, tsakaninsu take kamar siririn zare mai lanƙwasa. Ijibshiyanela kuma 'yan ƙananan ɗigo ne cikin jar ƙwaya, ita ce mai wuya don dattin rini ma haka yake fitowa, in ana shakka a ɗauki hoto da waya ta bakin madubin a tura wa likitan dabbobi. Abin da ya gagara, akwai tsangayar likitan dabbobi ta ABU Zariya da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato.

Ga wani abu da nake so ka riƙe, ganin ƙwaya ɗaya biyu bayan an daɗe ana lalube ba shi ke nufin ita ke kashe maka kaji ba. Kajin gida da manyan tantabaru da yawa na ɗauke da su suna harkarsu. Shi yasa na ce ka haɗa da mai lafiya. In mara lafiyar ko ina aka leƙa ga su, mai lafiyar kuma da ƙyar, tau ka kama ɓarawo. In duk ɗaya suke, nemi dalili wani wuri, tsutsar ciki ko zawon jini ko yunwa ma. Haka rashin gani a silayid ɗaya baya wanke kaza, sake ɗiba bayan kwana biyu.

In wata ta mutu kuma ka tabbata ba irin mutuwar farat ɗaya ɗin can bace, sa safa ka buɗe ta da wuri ka duba saifa da hanta. Saifar da ta kumbura ta yi dabbare-dabbare tana tafiya da ciwon kaska. Yanki kaɗan, tsane jinin a takarda, dangwala a silayid wuri uku huɗu, ka kafe kamar na jini. Gawar a binne da zurfi, ba a jefa wa karnuka a bola ba.

7. Magani

Sakamakon zaka kai wa likitan dabbobi ya rubuta maka. Cututtukan kaska biyun nan suna jin oksitetrasaikilin in an fara da wuri, borelliya tana jin fenisilin ma. Su maleriyar tsuntsaye da 'yan uwanta magani na rage su ne kawai, ba kasafai yake share su ba, kuma ni ban yarda da farfasa maganin maleriyar yara a zuba a ruwan kaji ba, awon ba ɗaya bane. Ba su bitamin a ruwa da abinci mai kyau su maida jini, ka ware su a inuwa. Duba kwanakin da aka rubuta a jikin maganin na dakatar da cin nama da ƙwai ka cika su, kar ka kwashe ka kai kasuwar Mai'adua wani ya saya ya ci da iyalinsa.

8. Kashe ɗan aiken

In ka yi magani ka bar kaska a bango bayan sati biyu zaka dawo kemis. Fitar da kaji, kwashe shara da tsohuwar sheƙa ka ƙone, ɓanɓare duk laka mai tsaga. Fesa maganin kaska na dabbobi irin saifametirin ko deltametirin bisa awon da ke jikin kwalba, ka cusa bakin famfon cikin tsagogin, fesa fuskar bango kawai aikin banza ne. Bari ya bushe iska ta shiga kafin su koma, kwanon ruwa da na abinci suna waje. Sai ka yaɓe tsagogin da siminti ko sabuwar laka ka shafe da farar ƙasa. Maimaita feshin bayan kwana goma zuwa sati biyu saboda ƙwai na ƙyanƙyashewa, kuma uwar kaskar na gadar wa 'ya'yanta borelliya tun a ƙwai. Kar ka ce bari in bar akurkin fanko wata biyu yunwa ta kashe su, suna wuce shekara basu ci ba. In akurkin tsoho ne ya gama rarakewa, rushe shi ya fi arha, nawa haka na yi. Sandar kwana kuma ka rataye ta da waya kar ta taɓa bango, ka shafa baƙin mai a wayar.

Sniper da fiya-fiya kada su kusanci jikin kaza ko cikin akurkin da suke, na ga inda aka shafa wa kaji a hammata da yamma da safe aka kwashe su a buhu. Toka a wurin birgima tana taimakawa wajen ƙwarƙwata, kaskar bango kuwa ko a jikinta.

Sauro kuma, tsohon gidan sauron da aka daina amfani da shi ka ɗinke hujojin ka lulluɓe akurki da shi daga magariba, musamman na 'yan tsaki da talotalo, ka yashe kwatar bayan gida ka kife tsofaffin tayoyi da gwangwanaye. Masu kiwo kusa da dam irin Sabke ko Daberam, ko gefen fadama, su suka fi buƙatar wannan daga tsakiyar damina zuwa kaka. Ɗakin tantabaru a share sheƙa duk sati biyu a ƙone abin da aka kwaso. Daina watsa dawa a fili inda kurciya da hazbiya ke sauka su cakuɗe da naka, ƙudan tantabara a nan yake canza gida. Duk wadda ka sayo a kasuwa, kaza ko zabo ko tantabara, ta yi sati biyu a keji daban nesa da akurki, ka ɗaga fiffikenta ranar farko da ranar ƙarshe, shi kansa kejin karan da aka kawo ta ciki kar ya shiga gidan kajin, a waje nake barin nawa cikin rana ko in cinna mashi wuta in ya tsufa.